Inna Ta Ce Uku

Duk wanda ya ce maka ƙidayar matattu ta fi ta masu rai sauƙi, wai don su ba sa motsi, to bai taɓa yin sallama a ƙofar gidan mutane da tambaya a bakinsa ba. Ummusalma ta yi, tun daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi, kuma kafin damina ta zauna sosai ta gane cewa mamaci ya fi ɗan akuya wuyar kamawa.

Wata ƙungiyar kiwon lafiya ce ta ɗauke ta aikin, ita da wasu mata huɗu, saboda ta karanci lissafin lafiyar jama'a. Abin da ake nema, a baki, ba shi da wuya. Maza nawa ne sukan mutu a shekara a wannan yanki lokacin da ake zaune lafiya? Nawa ne suke mutuwa yanzu, tun da mutanen daji suka tare hanyoyi suka hana noma? A cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne ƙarin da masifar ta jawo. Ɗan firamare ma zai iya, in har ya sami wanda zai gaya masa lambobin na gaskiya.

Ita kuwa tana da nata dalilin da ba ta faɗa wa kowa ba a wurin ɗaukar aiki. Yayanta Jabir direban motar kaya ne, irin wadda ake ce wa kanta, yana jigilar hatsi tsakanin Moriki da Kaura. Shekara uku ke nan da aka tare su a hanya. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka yi musu sutura, shi da waɗanda aka kashe tare da shi, suka binne su tun kafin rana ta faɗi. Babu asibiti, babu takarda, ko a rediyo da aka ba da labarin cewa aka yi "wasu matafiya". A wajen hukuma Jabir bai mutu ba, tun da dama ba ta san an haife shi ba. Wannan abu ya tsaya wa Ummusalma a rai. Ba za ta iya dawo da shi ba, ba za ta iya kama wanda ya harbe shi ba, amma ta yi wa kanta alkawarin sai ya shiga lissafin wani wuri, ko da a matsayin mutum ɗaya cikin dubu.

Tun a ƙauyen Katuru aka fara gwada mata haƙuri. Kafin a shiga gidaje sai an nemi izini a zauren mai unguwa, mai unguwar kuma ba ya yanke magana sai Ladan ya sa baki, wani tsoho ne mai kiran salla wanda ya ɗauki gardama sana'a ta biyu.

"Ke ɗiyata," in ji Ladan, "mi kunka ce kuna biɗa?"

"Ƙarin mutuwa, Baba. Yawan mazan da sunka mutu bisa ga yadda anka saba."

"Ƙari? Mutuwa ad da ƙari? Kowa kinka ga ya mutu, kwanansa na yaƙ ƙare. Ko an ce miki Mala'ika shina kuskuren gida?"

Da ta yi shiru da ta huta. Amma mai ilimi da bayani sai Allah, ba ya ganin rami sai ya faɗa. Ta gyara zama ta ce, "Baba, ai kowace bazara kaji na mutuwa ko? To shekarar da ciwo yash shigo gari, in anka ƙidaya…"

"A'aha! Kaji munka koma?" Ladan ya juya wajen mai unguwa ya buɗe hannuwa. "Ka jiya ko? Iyayenmu da ɗiyanmu da munka bizne, kaji na!"

Sai da aka yi ta ban-baki har lokacin azahar ya yi, shi kansa ya tashi ya je ya kira salla, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. A ƙarshe ya yarda, ba don ya gamsu ba, sai don yunwa ta fara cin sa. Daga ranar Ummusalma ba ta ƙara ambaton kaza a gaban namiji ba.

Shugaban aikin, Malam Alamin, mutumin Gusau ne, mai sanyin murya da taurin kai, irin mutanen da za su ce maka a'a suna murmushi har ka ji kamar kai ne ka yi laifi. Shi ya tsara cewa iyaye mata za a tambaya, kuma hujjarsa ba ta da makusa. In ka tambayi matan mamaci, mai mata uku zai mutu sau uku a lissafinka. In ka nemi matar bayan ta fita takaba, ta koma gidan iyayenta ko ta yi wani auren a wani gari. Iyaye maza kuwa da yawansu su ne ake ƙoƙarin ƙidayawa. Amma uwa ɗaya ce ga kowane mutum, kuma ba ta mantawa. Saboda haka tambayar ita ce: 'ya'ya maza nawa kika haifa, ki faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, wane ne yake raye, wane ne ya rasu, yaushe, yana da shekara nawa. Ya kuma kafa doka guda wadda ya maimaita har ta gundure su: abin da ya fito daga bakin uwa kaɗai ake shigarwa a kwamfutar hannu. Mai tambaya ba shaida ba ce, ko da a gabanta aka yi jana'izar.

To, uwa ba ta mantawa, wannan gaskiya ne. Sai dai ba da kalanda take tunawa ba. Wannan za ta ce ta haifi nata shekarar da jirgin ƙasa ya daina zuwa Kaura, waccan ta ce daminar da gulbi ya cinye masu gero. Ka tambayi me ya kashe shi, a ce kwana ne ya ƙare. Ka ce e, an sani, amma ciwo ne ko bindiga, a dube ka kamar ka yi saɓo. Wata tsohuwa a Shinkafi ta jero maza goma sha ɗaya, Ummusalma na ta shigarwa tana jinjina mata, sai can a wajen na tara ta gano biyar na ƙanwarta ne. "To ɗan ƙanwata ba ɗana na ba?" in ji tsohuwar, ranta a ɓace. Wata kuma a Zurmi ta ce nata yana hannun mutanen daji tun bara, ba a kawo gawa ba, ba a kuma ƙara jin muryarsa a waya ba. Kwamfutar gida biyu kawai take da su, mai rai da mamaci. Ummusalma ta daɗe tana kallon gidajen nan biyu, sannan ta sa shi a masu rai, don uwarsa na zaune tana kallon yatsanta.

Haka suka yi ta fama, suna bin ayarin ranar kasuwa don tsoron hanya, suna neman 'yan gudun hijira a makarantu da kangwaye, har suka zauna da mata fiye da dubu. Ranar da aka haɗa lissafi a ofis a Kaura, Ummusalma ta zo da sabon mayafi kamar mai zuwa suna.

Lokacin zaman lafiya, maza biyar cikin kowane dubu ke mutuwa a shekara. Yanzu kuma shida da ɗan wani abu.

Ta sake lissafawa. Ta kashe kwamfutar ta kunna, kamar ita ce ta yi gardama. Shida da ɗan wani abu.

"Ƙarin bai fi abin da kuskuren awo zai iya kawowa ba," in ji Malam Alamin, da wannan muryar tasa ta mai ba jariri magani. "Ba za mu iya cewa an sami canji ba."

"Malam, ba a sami canji ba? A Zurmi na ga unguwar da tsofaffi ke haƙa kabari da kansu don babu samari. Na shiga gida bakwai a jere, biyar akwai mai takaba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Na yarda da idonki, Malama. Sai dai ido ba ya shiga rahoto."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiyarsa. In aka tura wannan sakamako yadda yake, duk masu zama a inuwar fanka suna cewa "ai dama mutane na mutuwa" sun sami takardar da za su riƙa ɗagawa, kuma da hannunta ta rubuta musu. Ta zargi sauran matan da zama ƙarƙashin bishiya suna cike amsoshi da ka. Ta zargi kwamfutar. Ta zargi Ladan na Katuru, wanda ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Sannan ta naɗe sabon mayafin ta tafi gida ko sallama ba ta yi wa kowa ba.

Gidan nasu na haya ne a bayan tasha, tun da suka baro ƙauyensu Ɗan Isa bayan rasuwar mahaifinsu. Ta tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗen garin dawa. Unguwar tasu tana cikin waɗanda aka zaɓa, kuma abokiyar aikinta Firdausi ce ta yi wa Inna tambayoyin tun farkon aiki, don doka ta hana mutum tambayar gidansu. Ummusalma ta zube a tabarma tana huci. Ba don komai ba sai don neman wanda za ta huce a kansa, ta ce:

"Inna, don Allah wai mi ad da wuya cikin tambayar ga? In nic ce miki ɗiya maza nawa kinka haihwa, mi za ki ce?"

"Ukku," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba.

"Nawa?"

"Ukku. Hashimu, da Mahmud, da Ɗanasabe. Hakanan nig gaya ma yarinyar da kunka turo."

Ummusalma ta tashi zaune. "Inna, Yaya Jabir fa?"

Rariyar ta tsaya. Inna ta dube ta irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi tusa a gaban baƙi. Ta kakkaɓe hannu, ta ɗauki ƙwaryar garin, ta shige ɗaki ta saki labule.

Kunyar ɗan fari! Ummusalma ta dafe kai da hannu biyu. Abin da ta tashi a cikinsa, abin da ta sha da nono. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Jabir tun yaye aka kai shi wajen yayar mahaifinsu, shi ya sa duk Ɗan Isa Nagoggo ake ce masa. Tun da Ummusalma ta yi wayo ba ta taɓa jin Inna ta ce masa wani abu da ya wuce "kai wanga" ba, in kuwa ba ya nan sai ta ce "wancan". Ko ranar da aka kawo labarin hanyar Moriki, Inna tashi ta yi ta ɗora wa masu gaisuwa ruwan kunu, mata suna ta yaba mata, wai ta cika 'yar gidan mutunci. To macen da ba ta kira shi a ɗakinta ba, ita za ta jera sunansa ga baƙuwar yarinya mai kwamfuta? Tsallake shi za ta yi ta fara daga na biyu, kuma a ganinta ba ta yi ƙarya ba.

Kuma wa ake turawa gona mai nisa? Wa ke hawa mota ya bi hanya don ciyar da gida? Wa ake ba jakar kuɗin fansa a ce ya kai wa mutanen daji don a sako ƙannensa? Babban ɗa. Waɗanda mutuwar ta fi ɗiba su ne daidai waɗanda iyayensu mata ba za su ambata ba. Wata uku suna tatsar saniya a ƙwarya mai huji.

Washegari ta faɗa ofishin Malam Alamin ko zama ba ta yi ba ta zazzage masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Malama," ya ce a hankali, "ni ma ɗan fari ne. Har yau in na je gaishe da tsohuwa, ce wa matata take yi, ki gaya wa mai gidanki ya rage yawo cikin rana. Ina zaune a gabanta."

"Kuma kai ka tsara tambayar!"

"Ke kuma kika yi ta sau ɗari uku."

Babu wanda ya iya yi wa wani dariya. Da Bature ne ya zo daga wata uwa duniya ya tafka wannan, da sai a ce bai san gari ba. Amma su shida ne, duk 'ya'yan Hausawa da Fulani, kowannensu ya san wannan al'ada kamar yunwar cikinsa, suka zauna suka gina aiki a kan bakin iyaye mata, babu wanda ta faɗo wa a rai.

Sai aka koma. Kowa ya san daɗin komawa gidan da ka riga ka dame su sau ɗaya. A Katuru Ladan ya tare su da fara'a, ya tambayi ko kajin ne ba su cika ba. Wannan karon dabara aka sake: a zaunar da wata babbar mace kusa da uwar, maƙwabciya ko 'yar'uwa wadda ta san gidan tun asali, ita ce za ta faɗi sunan. Uwar ba sai ta furta shi ba, ta dai ce "hakanan na", ko ta ƙara da bakinta cewa akwai wani kafin waɗanda ta lissafa. Malam Alamin ya sassauta dokarsa iya nan, bai ƙara ko taku ba.

Abin da ya fito bai yi daɗin ji ba. Ba duka mata ne suka tsallake ba, matasa da 'yan birni sun faɗi nasu tun farko. Amma tsofaffin ƙauye da na rugage, kusan kowace da nata ɓoyayyen. Wata a Shinkafi da aka ambaci sunan ta juya fuska bango ta ce "hakanan na" da muryar da ba ta fi ta sauro ba. Wata ta ja mayafi ta rufe kai gaba ɗaya, daga ciki ta amsa. Lambar lokacin zaman lafiya ba ta motsa sosai ba. Ta yanzu kuwa ta tashi daga shida ta haura takwas, ta doshi goma, kuma ba a gama ba. Ummusalma ta sami abin da take nema, ta kuma rasa inda za ta sa farin cikin, don kowane ɗigo da lambar ta ƙara ɗan wata ne.

Gida ɗaya ne ya gagara, kuma nasu ne. Firdausi ta zo sau biyu. Zuwan farko Inna ta ce kanta ke ciwo. Na biyu ta ba ta fura mai sanyi, ta tambayi lafiyar iyayenta ɗaya bayan ɗaya, ta rako ta har ƙofa. Babu kuma wadda za a zaunar kusa da ita. Goggon da ta riƙe Jabir ta rasu, matarsa ta yi aure a Maraɗi, maƙwabtan bayan tasha kuwa da 'ya'ya maza uku suka san Inna, don bayan rasuwar Jabir suka tare a can.

"Ki bar shi, Malama," in ji Malam Alamin ana jibi za a rufe lissafi. "Mutum ɗaya ba zai canza ko ɗigo ba."

"Na sani."

"Kuma ba zan karɓa daga bakinki ba."

"Na san wannan ma."

"Abin da zan iya yi miki, ki je ki tambaye ta da kanki. In ta faɗa, na yarda da ke."

Ta san mutum ɗaya ba ya canza ɗigo, ita da ta koya wa sauran. Amma ta tono 'ya'yan farin mata ɗari da wani abu ta sa su a lissafi, a ce wanda ta shiga aikin dominsa shi kaɗai za a bari a waje? Abin ya yi mata ciwo, ya kuma ba ta haushi, haushin ma ya fi yawa.

Da la'asar ta sami Inna a gindin dalbejiyar tsakar gida tana tsinkar zogale a faifai. Ta zauna ta sa hannu tana taya ta. Ta yi niyyar bi a hankali, ta ma tsara yadda za ta zagayo.

"Inna, Yaya Hashimu shi na na nawa a cikinki?"

"Ke, ni za ki yi ma wayo? Ni nih haihe ki."

Shi ke nan, dabara ta ƙare tun ba a je ko'ina ba, haƙurin ma ya bi ta.

"Inna, wai wace irin kunya ta wagga? Mutum ya mutu! Wa za shi ce ba ki da kunya yanzu? Matan Katuru sun hwaɗi, matan ruga sun hwaɗi, ke kaɗai kinka hi kowa? Sun kashe shi bisa hanya awa ba ɗan kowa ba, babu wanda yar rubuta, yanzu ga wuri guda da za a rubuta, ke kuma kin hana. Ko kuka ban ga kin yi mai ba!"

Ta ji maganar ta fita, ta kuma san ta wuce gona da iri. Inna ba ta daina tsinkar ba. Sai da ta gama reshen da ke hannunta ta ajiye tsinken a gefe.

"Kin gama?"

Inna ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Shekara talatin da takwas shina shigowa shina hita gabana. Sunan ga shina bakina dut tsawon lokacin. Ina jin kuna kiran shi shina amsawa, ni ban taɓa ba. Na ce wata rana, in na tsuhwa ƙwarai, in kunya ta sake ni, za ni kira shi sau guda in ji yadda za shi amsa min." Ta ɗauki wani reshen. "Yanzu ke kina so in hwara kiran shi ranar da ba shi amsawa. Ga wata na'ura."

Ummusalma ta kasa ɗaga kai. Ganyen da ke hannunta ta murje shi har ya yi ruwa ba ta sani ba. Duk shekarun nan uku tana ɗauke da ƙullin wannan tsohuwa a ranta, tana ganin al'ada ta busar mata da zuciya. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta al'ada ba. Ta jawo jakarta ta tura kwamfutar ciki ta ja zif.

"Ki yahe min, Inna. An bar shi."

Suka ci gaba da tsinka. Wata mota ta yi ta ƙugi a tasha ta ƙi tashi. Faifan ya kusa cika sannan Inna ta yi magana, idonta a kan zogalen.

"Shi lissahin ga naku. Na ji kina gaya ma yarinyar nan wai kashi biyu na."

"E, Inna. Akwai waɗanda ko ana zaune lahiya za su mutu, tsuhwa ko ciwo. Akwai kuma waɗanda sunka ƙaru saboda abin ga da ad daji."

"To wancan," in ji Inna, "cikin waɗanne shi ke?"

Amsar da aka koya wa Ummusalma a makaranta tana nan a shirye: lissafi ba ya nuna mutum ɗaya, yawa kawai yake nunawa, ba wanda zai iya ware wane daga wane. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta dubi hannun Inna, ta ga ya tsaya cak a kan reshen.

"Cikin waɗanda sunka ƙaru shi ke, Inna."

Inna ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa.

"Ni ma hakanan nig gani. Kullum ina ce ma mutane kwana na yaƙ ƙare, Allah shi gahwarta min, amma ko hurhura guda bai yi ba. Na duba. Ranar da yaz zo na ƙarshe ya duƙa shina ɗaure takalmi, na duba kan nai dut."

Ta share hanci da bakin zane, ta ture faifan gaban 'yarta, ta dafa gwiwa ta miƙe. Sai da ta kai ƙofar ɗaki, ta ba tsakar gida baya, sannan ta tsaya riƙe da labule.

"Hiddo abin naki," ta ce. "Sa huɗu. Sunan ki rubuta da kanki, kada ki karanta min."